Ranar da Ɗaki na Uku Ya Yi Ƙaura

Malam Isyaku yana tsaye a kan benci, ƙusa ɗaya a bakinsa, yana buga ta uku a kusurwar jadawalin makaranta. Kwana huɗu ya ɗauka cikin hutun azumi yana sake rubuta shi a sabuwar takarda: layuka da jar tawada, darussa da baƙa, sunayen malamai da shuɗiya. A can sama ya zana 1957 da manyan lambobi har da 'yar kwalliya. Ya ja baya don ya ga ko takardar ta karkace, benci ya yi ƙara, sai ya tuna a kan abin da yake tsaye.

Litinin ce, ranar farko ta komawa makaranta bayan ƙaramar Salla. Tun gari bai gama wayewa ba ya iso, domin wasiƙa ta zo daga ofishin ilmi cewa malamin zagaya, Malam Mailafiya, zai iso da ƙarfe goma. Abu ɗaya zai duba: ko wannan 'yar makaranta ta Zaitawa tana da wurin zaman aji uku. In babu, za a kwashe yaran ajin, su ashirin da shida, a mai da su wata makaranta can wajen Gwammaja. Malam Isyaku ya san abin da wannan ke nufi. Shi da kansa ya bi gida gida a watan Janairu, lokacin da aka kawo shi hedimasta, yana lallashin iyaye su bar yaran su ci gaba. Iyayen 'yan mata tara da ke ajin sun gaya masa ƙarara: in dai sai an ratsa gari, to, an gama boko.

Makarantar tsohon soro ne mai tsawo, ɗaki biyu, ƙofofinsa suna duban arewa. Aji ɗaya da aji biyu suka cinye ɗakunan. Amma ran da Malam Isyaku ya fara zuwa, sai ya ga wata inuwa lafiyayya shimfiɗe a gaban soron, daga safe har azahar, faɗinta ya ishi tabarma takwas. Ya auna ta da taku, ya kafa ƙusar rataye allo a bango, ya sa mata suna a jadawali: Ɗaki na Uku. A takardar da ya aika ofis ma haka ya rubuta, ɗakuna uku. Gab da hutu ya lura inuwar ta fara ramewa, har ya matsar da yara suka yi sahu biyu a jikin bango. Ya rubuta a littafinsa, "A duba inuwa." Sai azumi ya zo, littafin ya shiga akwati.

Yana cire ƙusa ta huɗu daga baki sai ga mataimakinsa, Malam Ilu, ya leƙo, hularsa a ƙeya.

"Malam, barka da Salla. Ka fita waje kuwa?"

"Barkanmu dai. Riƙe mini nan, ya karkace."

"Malam, bar takardar nan tukuna. Ɗaki na Uku ya gudu."

Malam Isyaku ya sauko ya fita. Ƙarfe takwas saura kwata, amma rana ta riga ta kwanta a filin makaranta tun daga ƙofar shiga har gindin bango. Ƙusar allo tana nan inda ya kafa ta, tana ƙyalli. 'Yan aji uku sun ɗauko tabarminsu kamar kullum, sun tsaya cirko-cirko da su a kafaɗa. Wata yarinya mai suna Luba, wadda ba ta barin magana ta kwana a cikinta, ta ɗaga hannu.

"Malam, a ina za mu shimfiɗa? Babu ɗakin."

Malam Isyaku ya ɗaga kai ya dubi soron, ya dubi rana, ya sake duban ƙasa, kamar wanda ya yar da allura.

"Wataƙila in hantsi ya yi za ta dawo," in ji shi, ba da ƙarfi ba.

"Wataƙila," in ji Malam Ilu. Ya ja shi gefe ya rage murya. "Ga dabara. Ka sallami 'yan aji ɗaya, a ce tari ya shigo musu. Ka zuba 'yan aji uku a ɗakinsu. Malamin zagaya ya zo ya ga kowa a zaune, ya sha ruwa, ya hau kekensa."

"Gobe fa?"

"Gobe ai ba ya nan."

"Rajista tana nan. Yaro talatin su kamu da tari rana ɗaya, su warke rana ɗaya?"

"To ka kwashe su ku tafi yawon duba tsirrai a bakin ganuwa. Ai akwai shi a jadawali."

"Ranar Laraba ne."

"Malam, Allah ya ba ka haƙuri, jadawalin nan kai ka rubuta shi, ba saukar da shi aka yi ba."

Gaskiya maganar bakin ganuwa ta ɗan zauna wa Malam Isyaku a rai, har ya fara lissafin tafiya da dawowa. Amma ya tuna mutumin ba yara zai zo ƙirgawa ba, wurin zamansu zai zo gani.

Ya ce a buga ƙarfe. Malam Ilu ya bugi guntun ƙarfen dogo da ke rataye a ƙofa, aji ɗaya da aji biyu suka shige ɗakunansu. Aji uku suka rage a rana. Sai a lokacin Malam Isyaku ya lura ba inuwa kaɗai ta ɓace ba. Ya Fanna ma ba ta nan.

Ya Fanna tsohuwa ce 'yar asalin Barno, a unguwar aka haifi uwarta ma. Tun zuwansa yake ganinta a kusurwar filin, tana suyar ƙosai da safe, in kasuwa ta lafa ta ɗauko mazari ta shiga kaɗi. Yau duwatsun murhunta ma babu, sai baƙin toka. Amma ƙamshin ƙosai yana nan, yana tahowa ta saman soro.

"Ku tsaya a zauren shiga, kada wanda ya motsa," ya ce wa yaran. Ya bi ƙamshi ya zaga ta lungu.

Bayan makaranta wani ɗan fili ne da bai taɓa takawa ba, domin ya san turken jakunan Nata'ala ne, mai ɗaukar ƙasar gini. Wata ƙatuwar tsamiya ce a tsakiya, da tarin mangaloli a gindinta, da wani baƙin keke a jingine. Ga Ya Fanna a jikin bangon soro, kasko yana tafasa. Ga kuma inuwar, cikakkiya, mai sanyi, kwance abinta kamar ba ta taɓa sanin wani wuri ba.

"Ina kwana, Iya."

"Lafiya lau, Malam Hedimasta. An yi Salla lafiya? Na ga kana dube-dube. Ɓatan akuya aka yi?"

"Iya, yaushe inuwar nan ta dawo nan?"

"Yaushe kuwa? Lokacinta. Tun tsakiyar azumi na kwaso duwatsuna." Ta juya ƙosai. "Ai na gaya maka ran da kake auna ta da ƙafa. Na ce ɗan nan, wannan baƙuwa ce, ba a kafa mata ƙusa. Ka yi dariya ka ce in ba ka na kwabo."

Ya tuna. Ya ɗauka irin zancen tsofaffi ne.

"To yaushe za ta koma gaba?"

"In ɗanyar gyaɗa ta shigo kasuwa za ta fara leƙawa. In an gama yankan dawa ta koma gaba ɗaya. Shekara arba'in ina bin ta da kaskon nan, ba ta taɓa saɓa mini ba. Kai a makarantar taku ba a koya muku inda rana take bi?"

An koya musu. Shi ma ya koya wa aji uku, a watan Fabrairu, da lemo da fitilar aci-balbal, suna zaune a cikin inuwar da ake magana. Ya ga ba lallai ne ya faɗi wannan ba.

Ya duƙa ya fara auna wurin da ido. Tabarma takwas za su shiga, in an jera su biyu biyu. Sai dai ƙasa cike take da kashin jaki, kuma a daidai inda allo ya kamata ya tsaya wata jaka ce a kwance, cikinta ya yi tulu, tana kaɗa kunne.

"Ta bangon nan ba ta wuce hantsi," in ji Ya Fanna, ta gane abin da yake saƙawa. "In rana ta ɗaga sai ta tsuke. Daga nan tsamiya ke karɓa. Ka ja tabarminka taku biyar kudu, ka zauna lafiya har azahar. Amma wurin yana da mai shi."

Mai shi kuwa yana fitowa daga gidansa, yana ɗaura tsumma a kugu, jakuna shida a gabansa. Nata'ala gajere ne mai faɗin kafaɗa, muryarsa kamar yana kiran wani a hayin kogi. Malam Isyaku ya gaishe shi, ya yi masa bayani a gurguje.

"Wato 'yan boko za su zauna a turken jakuna," in ji Nata'ala. Ya yi dariya har da dafa gwiwa. "Malam, in suka fita da wayon jakunan nan ai ka ci riba. Jakina bai taɓa tsayawa a rana yana jiran inuwa ta zo ta same shi ba."

"Na ji, Malam Nata'ala. Ƙarfe nawa kuke fita?"

"Wane ƙarfe? In ka buga naka na safe, mu fita. In ka buga na tashi, mu dawo. Su da kansu suke juyowa in sun ji shi. Hutun nan da kuka yi, wallahi wahala na sha, sai da sanda."

Malam Isyaku ya ji wani abu ya faɗa masa daidai, irin yadda lissafi ke fita ba saura. Jakuna suna fita da ƙarfen shiga, suna dawowa da ƙarfen tashi. Ashe wata huɗu yana tsara wa jakuna lokaci bai sani ba.

"To ka ba mu aron tsakanin ƙarfen biyu."

Nata'ala ya shafa gemu. "Da sharaɗi. Kashin nan in an share, a tara mini shi a kusurwa, takin gonar yayana ne, kada a watsar. Na biyu, Kande ba ta tashi." Ya nuna jakar da ke kwance. "Yau ko gobe take. Ko Gwamna ne ya zo, a nan zai same ta."

"Ba za a taɓa ta ba."

"Kuma kada wani ɗan banza ya ja mata wutsiya."

"Na ɗauki wannan."

A jadawali, darasin farko na Litinin lissafi ne, tsabta kuwa sai Alhamis. Malam Isyaku ya tsaya a gaban takardarsa ya dube ta kamar mai neman gafara, sa'an nan ya fita ya ce wa aji uku yau Alhamis ta riga Litinin zuwa. Aka ari tsintsiya a maƙwabta. Cikin rabin sa'a taki ya taru a kusurwa, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi, an jingina allo a kan mangala biyu. Kowa ya wanke hannu a butar Ya Fanna, tana mita tana zuba musu. Kande ta ɗaga kai ta dubi sababbin maƙwabtanta, ta ga ba su da wani amfani, ta mai da kai.

Ƙarfe goma daidai Luba ta ce, "Malam, ana sallama a gaba."

Malam Isyaku ya kakkaɓe alli daga hannunsa ya zaga da sauri. Ya tarar da Malam Mailafiya a cikin aji biyu, tsaye a gaban jadawali, hannuwa a baya. Dattijo ne siriri, da farar riga da tabarau, irin mutanen da ba a jin takunsu. Malam Ilu yana gefe yana zufa.

"Ranka ya daɗe, sannu da zuwa."

"Yawwa, Malam Isyaku. Wannan aikinka ne? Kai, madalla da hannu. Na zaga makarantu da yawa ban ga layi miƙaƙƙe kamar wannan ba." Ya sa yatsa a takardar. "Litinin, ƙarfe goma, aji uku, labarin ƙasa, Ɗaki na Uku. To, mu je Ɗaki na Uku."

Suka fito fili. Rana ta yi fari fat. Malam Mailafiya ya tsaya daidai gaban ƙusar allo, ya dubi hagu, ya dubi dama, cikin natsuwa.

Malam Isyaku ya nuna gindin bango. "Ranka ya daɗe, da a nan yake. Inuwa ce. Ni na rubuta ta ɗaki, ban kuma yi lissafin za ta tashi ba. Kuskurena ne. Yau da safe na tarar ta koma bayan makaranta, sai muka bi ta."

"Kuka bi ta."

"Muka bi ta, ranka ya daɗe."

"Wa ke koyar da labarin ƙasa a makarantar nan?"

"Ni ne."

"To," in ji Malam Mailafiya. Gefen bakinsa ya motsa.

Da suka zaga, yara suka miƙe suka gaishe shi da murya ɗaya. Kande ta amsa da nata kukan, mai tsawo, har sau uku. Yara suka dunƙule dariya a ciki, kafaɗu na rawa. Malam Mailafiya ya jira ta gama, ya ce, "Madalla, ke ma sannu," sa'an nan ya zauna a saiwar tsamiya ya buɗe littafinsa. Ya ƙirga yara. Ya duba rajista. Ya tambayi Luba jakuna bakwai ƙafa nawa gare su, ta ce ashirin da takwas, amma in Kande ta haihu talatin da biyu. Ya rubuta wani abu.

Ana cikin haka rana ta fara lasar gefen tabarmar farko. Malam Isyaku ya saci kallon Ya Fanna, ta ɗaga masa gira ba tare da ta daina kaɗi ba.

"Aji uku, a miƙe. Kowa ya kama bakin tabarmarsa. Taku biyar kudu."

Suka ja, suka zauna a ƙarƙashin tsamiya, aka ci gaba da darasi kamar an shekara ana yi.

Bayan yara sun fita shan iska, Malam Mailafiya ya kira shi gefe. "Na ga na yau. Yanzu gaya mini, ran goma ga Oktoba da ƙarfe goma, ina yaran nan za su zauna?"

Malam Isyaku ya buɗe baki. Amsoshi masu kyau sun zo masa, irin waɗanda ake ba da maki a kansu a kwaleji. Ya rufe bakin.

"Ban sani ba, ranka ya daɗe. Amma ga wadda ta sani."

Ya Fanna ba ta ko tashi ba. Ta ce ita ba ta san Oktoba ba, a gaya mata me ake ci a lokacin. Aka ce sabon gero. Ta ce to a lokacin ta gaba ta fara dawowa amma ba ta yi ƙiba ba, sai a yi safiya a gaba, a ƙarasa a tsamiya. Malam Isyaku yana mai da gyaɗa da gero da dawa zuwa watanni, yana rubutawa a bayan rajista da fensir.

"In ruwa ya sauko fa?" in ji Malam Mailafiya.

"Ruwan garin nan ya fi son yamma," in ji ta. "Na safe ba ya wuce a ƙirga da yatsu."

"Ranar da ya zo da safe," in ji Malam Isyaku, yanzu murya ta dawo masa, "sai a haɗa aji ɗaya da aji biyu a ɗaki guda su yi karatun baki da waƙa, tunda ba sa bukatar wurin rubutu. Aji uku su shiga ɗayan. Zan ware darussan da za a ajiye domin irin ranar, kada a tsaya neman abin yi."

Malam Mailafiya ya rufe littafinsa. "Aji uku zai zauna. Kafin Alhamis ka aiko mini da jadawali uku: na gaba, na baya, da na ranar ruwa. Da fensir, Malam Isyaku. Ka adana jar tawadar nan." Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Zan kuma rubuta a yi muku ɗaki na gaske bayan damina, in an sami mai ɗauko ƙasa a kusa."

"Akwai," in ji Ya Fanna. "Yana dawowa da ƙarfen tashi."

Malam Isyaku ya ce bari ya zaga gaba ya ɗauko wa baƙo kekensa.

"Kada ka wahala," in ji Malam Mailafiya. Ya taka zuwa gindin tsamiya, ya janyo baƙin keken nan da ke jingine tun safe, ya shafa sirdin, sanyi ƙalau. "Tun bakwai na ajiye shi, na shiga gaida Liman. Wa zai bar keke a gaban soron nan a watan Mayu?"

Malam Isyaku ya dubi keken, ya dubi dattijon. "Ranka ya daɗe, ashe ka san wurin."

"A lungun can aka haife ni. Soron nan fatu ake ajiyewa a ciki muna yara. Ɗaki biyu ne tun ran da aka gina shi."

"To da takardata ta iso a Janairu, na ce ɗaki uku, me ya sa ba ka ce komai ba?"

"A Janairu ai uku gare ka," in ji Malam Mailafiya. Ya ɗaure ƙafar wandonsa, ya yi wa Ya Fanna sallama da sunanta, ya hau ya bi lungu.

Da aka buga ƙarfen tashi, yara suka naɗe tabarmi, jakuna shida suka shigo a jere kowa ya nufi turkensa. Malam Isyaku ya shiga aji biyu ya zare ƙusoshi huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe jadawalin a hankali, domin dai layukan sun miƙe. Ya ɗauki sabon littafi da fensir ya zaga baya, ya sami wuri kusa da Ya Fanna ya zauna a ƙasa.

"To Iya, mu fara daga farkon shekara. A hankali, ina rubutawa."

Ta dube shi, ta dubi saman tsamiya.

"Fara matsowa nan tukuna," in ji ta. "Inda ka zauna, kafin ka fere fensirin nan rana ta iso."

Ya matsa.